Yadda zaka gane ƙarfen kiren ya fara gajiya tun a kwamfuta

Ƴan uwa masu aiki a masana'antun Jubail da Dammam, kiren ɗin nan mai gudu a sama kusa da rufi ba rana ɗaya yake karyewa ba, ɗaga kaya da saukewa kullum ne ke cin ƙarfen a hankali.

Da farko ka zana gadar kiren, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da kayan, a manhajar ANSYS ko SolidWorks da ainihin kaurin farantin ƙarfen, ka auna da kanka don tsatsa tana rage shi. Sai ka ɗora lodin a tsakiyar gada, nan ne lanƙwasa tafi yawa, sannan ka matso dashi gefe ka sake gwadawa. Kar ka manta fizgar da akeyi lokacin ɗagawa, direbobinmu kam basa tausayin inji wallahi, dole ka ƙara ta akan nauyin.

Inda zaka zuba ido shine bakin walda, daga nan tsagewa ke farawa, kayi mesh ɗinka, wato ƙananan yankunan da manhajar ke raba zanen don lissafi, ƙanana sosai a wajen. A ƙarfe mai walda in matsin da yake sha a kowace ɗagawa ya ninka biyu, rayuwarsa na raguwa kusan sau 8. Ka ƙirga ɗagawa nawa akeyi a rana, ka haɗa ɓarnar da ƙa'idar Miner, wato tara kason rayuwar ƙarfen da kowace ɗagawa ta ci, in jimilla ta kusa 1 a tsayar da kiren a duba waldar.