Kurakuran da aka fi yi wajen sayen plasma

Wallahi na gaji da jin magana ɗaya daga bakin mutane nan Katsina, wai an sayi plasma ƙatuwa da kuɗi masu yawa amma hoton dishi-dishi, ko kuma ba ta rufa shekara ba ta mutu. An fi yin wannan ɓarnar lokacin biki, ana haɗa kayan ɗakin amarya cikin gaggawa sai a tura yaro kasuwa a ce ya ɗauko mai girma, shi kenan an gama bincike.

To girma daban, kyan hoto daban. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, bai gaya maka komi game da hoton ba. Hoton ƙananan ɗigo ne suka haɗu, yawansu shi ne magana. Wadda aka rubuta ma HD Ready yawanci ɗigo 1366 gare ta a faɗi, 768 a tsaye. Full HD 1920 da 1080. Ita kuwa 4K 3840 da 2160, ninkin Full HD huɗu kenan. In inci 32 ce za a sa a ɗan ƙaramin ɗaki, HD Ready ba laifi. Amma inci 50 da ɗigon HD Ready, ai shimfiɗa hoton kawai aka yi, shi ya sa fuskar mutum ke fitowa kamar an shafa ta da tsumma.

Nan ne aka taɓa cuta ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mai shago ya nuna mani wata, kwalin an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, ga tambarin babban kamfani a gabanta, ya jona filashinshi ya kunna bidiyon tsuntsaye da furanni an ƙure launi, kai ka ce ka kai hannu ka tsinko. Na biya na kai gida, aka sa ƙwallo, lambar bayan rigar ɗan wasa ma sai ka matso kake karanta ta. Sai da mai gyara ya duba ya ce mani tambarin manna shi aka yi, kuma bidiyon 4K karɓa kawai take ta rage shi zuwa ƙarfin gilashinta. Na koma shagon, ba rasit mai lambar kaya, mutumin ya ce kaya in ya fita ya fita. Don Allah jama'a ku daina yarda da kwali! Ni yanzu sai an kunna ta a gabana, in shiga saitin in duba lambar samfurin, in gwada da ta takardar bayanta da ta kwalin, in buga lambar a waya in ga ko kamfanin ya san da ita. Filashina nake zuwa da shi, akwai ƙwallo, akwai farin hoto zalla da baƙi zalla don a ga ɗigon da ya mutu. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, sai in yi mashi sallama.

Sai kuma masu sayen mai kyau su zo su jona ta da wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa. Haba malam! Wannan wayar ba ta ɗaukar HD ko kaɗan, layi 576 na tsohuwar talabijin ne iyakarta. Wayar HDMI za ka sa, dikodar ta zama mai HD, ka shiga saitinta ka ɗora a 1080, tashar ma ta zama mai HD ce. In ɗaya ya rasa, hoton ya koma baya.

Abu na biyu da ke ƙona mani rai shi ne wuta. Mutum ya iya fidda kuɗin inci 55 amma kuɗin sitabilaiza ya yi mashi nauyi, ya cusa ta kai tsaye a soket ɗin bango tare da firji da dutsen guga. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi bodin, wato allon lantarkin da ke cikinta, ya tafi, in an yi rashin sa'a har da fitilun bayan gilashin. Ni nawa tsarin, sitabilaiza mai jinkiri wadda ke ɗan jira kafin ta saki wuta, kuma ba na tada janareto plasma na jone. Da damina in hadari ya haɗu ana walƙiya, cire filogi nake har da wayar dish, don tsawa ta nan ma take biyowa. Wasu na cewa na cika tsoro, su ce. Masu sola kuma ku duba wat nawa take ja a takardar bayanta kafin ku saya, kar ta riƙa shanye batir tun kafin a tashi wasa.

Sauran ƙanana ne. Kar a kafe ta can kusa da silin alhali a ƙasa kan kafet ake zama, wuya zai yi ciwo launin ma ya dushe. Kar ta kalli taga. Inci 43 ta wadatar in tsakaninku bai wuce mita 2 da rabi ba. A fidda ta daga saitin shago a maida na gida, hasken ya yi yawa. Ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi ake goge ta, ban da fesa ruwa, kuma kar a rufe ta da zane tana kunne, balle da zafin bazara. Mai son 4K ta intanet ya san Netflix na iya cin gig 7 a awa ɗaya, HD kuma kusan 3, in data ba ta kai nan ba Full HD ta gaske ta ishe ka. Rasit kuma a sa mai shago ya rubuta lambar samfurin da tsawon garantin a kai kafin ka miƙa kuɗi.