Yadda Ake Gasa Senbei, Busasshiyar Wainar Shinkafa ta Japan

Senbei abin taɓa-ka-lashe ne da Japanawa ke ci da koren shayi, ko su miƙa wa baƙo. Faifai ne siriri na garin shinkafa, gasasshe, mai ƙaras-ƙaras a baki. Garin Soka da ke lardin Saitama, arewa da Tokyo, ya yi suna da nasa mai tauri tun zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da matafiya ke bi ta can zuwa garin Nikko. Lardin Niigata, gidan noman shinkafa, shi ne kan gaba a yawan yin sa a masana'anta.

Ki nemi garin shinkafar da ba ta da danƙo. Mai danƙo, irin wadda suke kirɓawa su yi curin da suke kira mochi, ita ake yin 'yan'uwan senbei, arare da okaki, da ita, kuma wannan wani abu ne daban. Gari giram 200 zai ba ki kamar guda goma sha biyar zuwa ashirin.

Zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, kusan mililita 170, kina juyawa har ya haɗu ya daina manne wa hannu. Ki gutsuttsura shi, ki turara a madambaci minti 20. Da zafinsa ki juye a turmi ki kirɓa sosai, kamar za ki yi sakwara, har ya yi santsi yana sheƙi. In kika yi ganda a nan, sai ki ji gari-gari a ciki bayan an gasa.

Shimfiɗa leda, ɗora ƙullin, rufe da wata, ki murza da kwalba har kaurinsa ya kai kamar milimita 2 ko 3. Yanka da bakin kofi.

Yanzu sai shanya, kuma a nan ne aikin yake. Jera su a kan faifai ko raga, inda iska ke ratsawa, kina juya su safe da yamma. Kwana biyu zuwa uku ke nan, ko da yake da hunturu a wajenmu iska na iya gama aikin da wuri. Sai dai ki kiyaye rana mai zafi: baya ya bushe da sauri, ciki da saura, sai su tsattsage. Alamar sun yi ita ce su yi tauri, haske na ɗan ratsa su, in kika ƙwanƙwasa biyu su yi ƙara. Wanda bai bushe ba, komai daɗewarsa a wuta, tsakiyarsa za ta zama kamar roba. Ni dai a ganina gara a ƙara kwana ɗaya da a yi gaggawa.

Hura gawayi, ki bari ya zama garwashi, ki ɗora ragar gashi. Juya kowane ɗaya duk bayan daƙiƙa kaɗan. Zai fara kumburi yana lanƙwasa. Masu sana'ar a Soka suna danna shi da wani ɗan dutsen yumɓu mai mariƙi, oshigawara, don ya miƙe. Ke gindin ƙaramar tukunya ya isa. Da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, sauke.

Tun yana da zafi ki shafa masa soya sos, ruwan ɗanɗano na waken soya wanda suke kira shoyu, ki mayar kan wuta na ɗan lokaci ya tsane. Kada ki shafa tun farko, ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Wasu girke-girken Japan suna haɗa shoyu da mirin, wanda ke da giya a ciki, don haka ki maye gurbinsa da ɗan sukari ko zuma. Mai son riɗi, a cikin ƙulli ake zuba shi tun wajen kirɓi. Wasu kuma naɗe shi suke da nori, busasshen ganyen teku.

Bari ya huce gaba ɗaya kafin ki zuba a kwalba mai murfi, don ɗan tururin da ya rage zai iya sa su yi laushi.