Idan ka gaji bindigar toka a gida, ga yadda zaka bi da ita

Gidaje da yawa akwai ta, tana jingine a bayan ƙyaure ko rataye a zaure tun zamanin kaka, wasu adaka suke ce mata. Matsalar itace samari suna ɗaukarta kamar bindigar zamani ce, alhali tsarinsu ba ɗaya bane ko kaɗan.

Ta zamani ta baya ake loda ta, kuma harsashinta a haɗe yake zuwa, dalma da albarushi da abun kunna wuta duk a cikin kwanso ɗaya, ka buɗe ka leƙa kasan ko da kaya a ciki. Ita ko ta toka bayanta a toshe yake, ta baki ake ɗura mata komai ɗaya bayan ɗaya a danna da sandar ɗuri, wutar kuma daga waje take zuwa, ko dai dutsen ƙanƙara ya daki ƙarfe ko a daki ɗan murfin tagulla mai tada wuta da Turawa suka fara amfani dashi wajen 1820. Tsohuwar fasaha ce sosai, tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yake da dakaru masu irinta a Borno.

Toh tunda ba'a leƙawa, ya zaka gane a ɗure take? Ka juya bakinta inda ba mutum, ka tabbatar ba murfi ko garin albarushi a wajen kunnawa, hannunka nesa da kunama, sai ka zura sandar har ta tsaya kayi alama a daidai bakin, ka zaro ka gwada ta a jikin bututun daga waje. In bata kai ƙarshe ba akwai abu a ciki. Kar kace ai shekara arba'in kenan ya mutu, wallahi albarushi in bai jiƙe ba yana nan da ransa. Kuma kar ka harba don ka sauke, bututun da tsatsa ta cinye fashewa yake a hannu, ka kaiwa tsohon maharbi ko maƙerin da yasan aikin.

Wani abun da yake kashe mutane shine a fasa harsashin zamani a juye garin a ciki. Wannan garin mara hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya wuce abun da ƙarfen adaka zai iya ɗauka. Haka ɗuri biyu a kan juna saboda mantuwa.

In kaga 'yan bindiga a hawan sallah wani ya ja kunama shiru, zaka lura ƙwararru basa saurin juyo ta, domin wuta na iya cin garin a hankali ta tashi daga baya. Aƙalla minti ɗaya ake jira, baki na kallon inda ba kowa. Leƙa bakin kuwa ganganci ne.

Sai wanki. Tokar da take bari tana jan danshi, kwana kaɗan tsatsa ta kama, don haka wadda aka tabbatar ba komai a cikinta ruwan ɗumi ake wanke ta dashi a busar sosai a shafa mai, da damina ma sai an riƙa dubawa. Albarushi a ajiye shi daban, nesa da murhu da yara.

Batun takarda kuma, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci irin wannan bindigar, gado baya zama lasisi, ka je ofishin 'yan sandan jiharku ka tambaya kafin ka fita da ita ko ƙofar gida.