Shayin Citta da Kanumfari Don Sanyin Hunturu

In ƙurar hunturu ta rufe Damagaram, maƙogwaro ya fara kaikayi, ga yadda nake yi.

Da farko ki samo ɗanyar citta a Kasuwar Dole, kamar tsawon ɗan yatsa. Ki kankare, ki daddaka ta. Busasshiya ma tana yi, sai dai ta fi yaji, a rage.

Sai ki zuba ruwa kofi 2 a tukunya, ki sa cittar da kanumfari 4. Kada ki wuce haka, ɗaci zai yi. Ya tafasa minti 10 a rufe.

Ki tace, ya ɗan huce, sannan zuma da lemun tsami.

Citta tana kwantar da tashin zuciya, kanumfari kuma yana rage zogin haƙori. Mai gyambon ciki dai ya fara cin abinci tukuna.