Kurakuran da masu ƙiba suka fi yi game da lafiyarsu

Na gaji da jin "ai ni ƙibata ta lafiya ce, ko ciwon kai ba na yi." Wannan shi ne kuskure mafi tsada, kuma a kansa zan daɗe.

Gaskiya ne akwai mai ƙibar da za a auna sugansa da jininsa a ga komai daidai. Amma hawan jini da farkon ciwon suga ba sa sallama. Mutum zai yi shekaru yana ɗauke da su yana harkokinsa bai sani ba. Sannan sakamakon bana ba ya lamunce maka na baɗi. Wani bincike da aka fitar a Birtaniya a 2017, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 3.5, ya gano cewa masu ƙibar da ba su da suga, ba hawan jini, ba yawan kitse a jini, duk da haka haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya a gare su ya ɗara na masu matsakaicin jiki da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Yayana ma haka yake cewa, wai ƙibarsa ta lafiya ce. Teɓa ta sauko, ana ta yi masa kirarin "Alhaji, daɗi ya zauna," shi kuma yana murmushi. Ranar da ya faɗi a shago ɓarin jikinsa ya shanye, ranar aka fara auna jininsa. Har yau ni nake kai shi gashin ƙashi. To don Allah a daina yaudarar kai! Ni duk shekara kafin azumi nake zuwa awo, don kada in manta. Suga kafin a karya kumallo daga 100 zuwa 125 (a ma'aunin mg/dL) gargaɗi ne, 126 zuwa sama in ya maimaitu ciwon ne. Jini kuwa in yana tsayawa a 140/90 ko fiye, sai likita.

Kuskure na biyu shi ne bautar sikeli. Sikeli nauyi kawai yake faɗa, ba ya faɗin inda kitsen ya taru, alhali nan maganar take. Kitsen cinya da ɗuwawu da sauƙi. Mugun shi ne na cikin ciki, wanda ke naɗe hanji ya shiga hanta, ya sa jiki ya daina jin insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini), suga ya riƙa taruwa a jini. Shi ya sa siriri mai tumbi ma bai tsira ba. Abin da nake yi ba ya buƙatar ko sisi: ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ƙugunka ɗan sama da cibiya. In bakinta bai haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, akwai aiki. Kuma ban da shanye ciki lokacin awo, wa kake cuta?

Akwai masu cewa ko dai su koma kamar lokacin samartaka ko su haƙura, alhali rage kaɗan ma yana da amfani. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa masu dab da kamuwa da suga, da aka ɗora su kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin ya ragu da kashi 58. Mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Ni tafiyar rabin awa bayan sallar asuba ta fi zauna mini.

Shayin rage tumbi gudawa da fitsari yake sa ka, ruwa ka zubar ba kitse ba. Wani zai rage tuwo amma ya kora da lemo, alhali robar kola mai santilita 50 tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 13. Zoɓo da kunun da aka zabga wa suga ma duk kanwar ja ce. Mai sharar minshari yana wuni da gyangyaɗi, ya faɗa wa likita, domin ɗaukewar numfashi a barci tana tayar da jini.

Ku kuma 'yan'uwa mata masu shan sha-ka-fashe don a ciko kafin biki, da yawan ƙwayoyin nan dexamethasone ne a ciki, yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya tayar da suga da jini. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage mata a hankali.