Darasi na 9: Gyaran Makewayi, Kuɗinsa da Wanda Za A Ba Aikin

Makewayi ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta a gida, amma ranar da ya tashi cin kuɗi, ɗakin amarya ma sai ya sara masa. Ɗakin kwana bango ne da rufi da ƙofa. Shi kuwa makewayi, rabin aikinsa yana ƙarƙashin ƙasa da cikin bango, inda ido ba ya kai. Can kuɗin suke shiga, can kuma ake cutar mai gida.

Ni na ɗanɗana. Shekarun baya na ba wani magini gyaran makewayin gidanmu. Ban san shi ba, a bakin shagon siminti muka haɗu, bakinsa kamar zuma. Kwana huɗu ya gama, karo, wato tayil, sai ƙyalli, na biya shi duka har da tukuici. Ba a yi wata biyu ba maƙwabcina ya yi sallama da sassafe.

"Malam, zo ka ga bangona."

Na bi shi. Jikin katangar da ta raba mu ya jiƙe sharkaf daga ƙasa har gwiwa, ya yi farin gishiri, yaɓen yana zuba. Ashe mahaɗar tiyo ce ba a liƙa da kyau ba, an rufe ta da siminti an shimfiɗa karo a kai. Sai da aka fasa sabon karon duka kafin a kai gare ta. Maginin kuwa, lambarsa ta daina shiga. Abin da na so in yi da jika ɗari, wato faran dubu ɗari, sai da ya kusan cin ninki biyu, ban da kunyar maƙwabci.

Me ya lalace?

Kafin ka kira kowa, shiga makewayin da rana ka duba da kanka. Ruwa yana kwanciya a daɓe? Bango yana jiƙewa? Wari yana dawowa? Ko rami ne ya cika? Kowanne da maganinsa, kowanne da kuɗinsa. Wanda raminsa ya cika, mai yashe rami yake bukata, ba sabon karo ba.

Ga wata dabara ta gane ko tiyo yana yoyo a ɓoye. Da dare, rufe kowane pampo na gidan. Je wurin kwantar ruwa, wato na'urar da ke ƙirga ruwan da gida ya sha, ka rubuta lambobin da ke jikinta a takarda. Da asuba, kafin kowa ya ɗebi ruwan alwala, koma ka karanta. In lambar ta motsa, ruwa yana zuba a wani wuri, kuma kai kake biyansa a ƙarshen wata. Ka sani kuma, daga babban tiyon titi zuwa kwantar, aikin kamfanin ruwa na Nijar ne, wato wanda muka daɗe muna kira SEEN, wanda ya koma NDE a 2024. Kada ka yarda wani mai gyara ya taɓa wannan ɓangaren. Daga kwantar zuwa cikin gida ne naka.

Awo

Karo, wanda mutanen Najeriya ke ce wa tayil, ana sayar da shi da mita murabba'i, wato fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Mu ɗauki makewayi mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da rabi.

Daɓe: 2 × 1,5 = 3.

Bango: in ka zagaya ɗakin da igiyar awo, za ka sami mita 7. Cire faɗin ƙofa, santimita 80, saura mita 6,2. Ba dole karo ya kai rufi ba, tsayin mita 1 da rabi ya isa ya tare ruwan wanka. 6,2 × 1,5 = 9,3.

Haɗa su: 3 + 9,3 = 12,3. Wani karon zai fashe, wani za a yanka a kusurwa, don haka ana ƙara kashi ɗaya cikin goma. Ka sayi 14 ka huta. In ka sayi daidai wa daida ya kasa, ranar da ka koma shago kana iya tarar da irin launin ya ƙare. Na daɓe kuma ka shafa shi da hannu, ka zaɓi mai kaushi. Mai santsi ya fi kyau a ido, amma da sabulu ya hau shi, tsohuwa na iya karya ƙugu a kansa.

Kuɗin baki da kuɗin takarda

A nan ake yawan samun rigima, musamman ga wanda bai daɗe da fara karatu ba. A baki muna ƙirga da dala, takarda kuwa da faran take magana. Dala ɗaya faran 5 ce. In mai aiki ya ce maka "ɗari biyar", dala 500 yake nufi, a takarda za a rubuta 2.500 F. In ka ga an rubuta 500 F, dala ɗari ce kawai. Jika kuwa 1.000 F ce, dala 200 ke nan. Duk lambar da aka rubuta, ka sa a faɗa maka ita da jika, kai ma ka maimaita da bakinka a gaban shaida.

Ga lissafin koyo. Farashin da ke ciki mun ɗauka ne don aji. Na gaskiya sai ka taka zuwa kasuwa, domin yawancin kayan nan daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, canjin naira yana ɗaga su yana sauke su.

Karo, mita murabba'i 14, kowace 4.500 F: 63.000 F
Siminti buhu 6, kowane 4.000 F: 24.000 F
Rairayi amalanke 2: 5.000 F
Masai na tsuguno: 12.000 F
Tiyo, mahaɗai, gam da kan pampo: 22.000 F
Kuɗin hannun magini: 40.000 F
Kuɗin hannun mai pampo: 20.000 F
Jimla: 186.000 F

A kan wannan jimla ka ajiye kashi ɗaya cikin goma a gefe, wato 18.600 F, kada ka faɗa wa kowa. Duk lokacin da aka fasa tsohon daɓe, sai an ga abin da ba a zata ba. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan guda. Ka taɓa buhun kafin a ɗora maka. In ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri a ciki, ya sha laima, bar musu abinsu.

Wasu za su ce me ya sa ba a sa masai mai kujera ba. In akwai tsoho mai ciwon gwiwa a gida, ko mai jinya, kujera rahama ce. Amma ku yi lissafin ruwa. Kowane kori yana cin lita 6 zuwa 9. Gida mai mutum 10, kowa ya shiga sau 3 a yini, ko da lita 6 aka yi, lita 180 ke nan, jarka 9 mai lita 20. Ranar da pampo ya ɗauke a tsakiyar bazara, ga-ruwa ne zai ci riba. A ganina, gidan yawa ya fi zama lafiya da na tsuguno da buta, a bar kujera ɗaya don tsofaffi.

Wa za a ba?

Masu aikin iri biyu ne. Akwai ɗan kwangila mai kamfani. Shi wannan dole yana da takardu: rajistar kasuwanci da ake kira RCCM, da lambar haraji da ake kira NIF. In aikin babba ne, kamar haƙa sabon rami da gina makewayi daga tushe, kuma mutum ya ce shi kamfani ne, ka ce ya nuna maka su. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, lambobin ma suna kan takardar ƙiyasin da yake bayarwa.

Sai kuma maginin unguwa, wanda muke ce wa maso, da mai gyaran pampo. Wasunsu sun yi makaranta, sun fito daga cibiyoyin koyon sana'a na CFM ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke nan Maraɗi, suna da shaidar kammalawa. Da yawa kuma a hannun ubangida suka koya, tun suna yara masu miƙa kwano. Takarda abu ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ba ce. Na ga mai takarda da ya ɓata aiki, na ga marar takarda da aikinsa ya shekara ashirin ko ɗigo babu.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tsohon aiki. Kada ka ce ya nuna maka wanda ya gama jiya, sabon karo kowa nasa yana ƙyalli. Ce masa ya kai ka gidan da ya yi wa aiki damina biyu da suka wuce. Gaida mai gidan, ka nemi izini ka leƙa, sa'an nan ka zagaya bayan bangon ka duba. Ka kuma san gidan maginin, ko ubangidansa, ko masallacin da yake salla. Mutumin da ba ka san inda yake kwana ba, lambar waya ba ta kamo shi.

Ka tambayi mutum uku kafin ka tsaya. In biyu sun ce jika 60, na uku ya ce jika 25, kada ka yi murna tukuna. Araha ba ta ado. Tambaye shi me ya cire.

Kaya kuma, ka saye su da kanka, ku tafi shago tare ya zaɓa kai ka biya, ka karɓi rasit. Shi kuɗin hannunsa kawai za ku yi jinga a kai.

Takardar jinga

Ba sai an je wurin lauya ba. Takardar littafin ɗan makaranta ta isa, da Hausa, boko ko ajami. A rubuta sunanka da nasa, aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, jimlar kuɗin hannu, ranar farawa da ranar gamawa, da yadda za a biya. Ku sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kofi guda.

Biya kuwa a raba shi uku. A misalinmu kuɗin hannu jika 60 ne. Jika 20 ranar farawa. Jika 20 bayan an gwada tiyo an ga ba ya yoyo. Jika 20 na ƙarshe bayan an yi mako guda ana amfani da wurin. Zai ce maka, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba?" Ka ce masa, "Na yarda da kai, Malam, shi ya sa na ba ka aikin. Takardar don mantuwa ce." Ai ko a Alƙur'ani an ce a rubuta bashi.

Ranakun aiki

Ka kasance a gida ranar da za a shimfiɗa tiyo, ko da ka rasa kasuwar yini guda. Tiyon masai ya zama babba, mai faɗin milimita 100. Na ruwan wanka 40 ko 50 ya isa. Kowanne ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ƙazanta za ta kwanta a ciki ta toshe. Kafin a zuba siminti ko cokali ɗaya a kai, a buɗe ruwa a bar shi ya kwana, ka yi dabarar kwantar nan da muka koya. Ka ɗauki hoton tiyon da wayarka, don wata rana a san inda ya bi.

Kafin a kafa masai, ku tsai da fuskarsa. Addini ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan bukata. Alƙiblarmu gabas take, ta ɗan karkata arewa, don haka mai tsuguno ya dubi kudu ko arewa. In siminti ya kama, gyara sai da fashi.

Rami ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, har da rijiyar maƙwabci. Ƙasarmu rairayi ce, in ba a gina jikin ramin da bulo ba yana iya ruftawa, balle a unguwannin gangare na kusa da Gulbi. Kakanninmu sun san halin ruwan nan, ambaliyar 1945 ce ta sa gari ya hau tudu, daminar 2024 kuma ta tuna mana. Kada a haƙa rami cikin damina. A sa masa tiyon shaƙar iska da ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Ruwan wanka kuma a yi masa raminsa daban, kada a sake shi ta rariya zuwa titi ya zama gidan sauro.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi a hankali. In rana ko iskar hunturu ta busar da shi da wuri, sai ya tsage ya yi gari. A kwaɓa da sassafe, a riƙa yayyafa wa yaɓe ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan aikin yaran gida ma za su iya. Tiyon roba da aka bari a fili rana tana cinye shi ya yi ƙamas ya fashe, a binne shi ko a shafa masa fenti. Tankin ruwa kuma a yi masa rumfa, in ba haka ba da azahar ruwan ba ya taɓuwa. Makunnin fitila a sa shi a waje, bakin ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai gare shi ana tsaye cikin ruwa ba.

Ranar karɓar aiki, ɗauki buta cike da ruwa da makulli guda. Zuba ruwa a kowace kusurwa ta daɓe, ka tsaya ka ga ko duk ya bi hanyar magudana. Sa'an nan ka ƙwanƙwasa karo ɗaya bayan ɗaya da makullin. Wanda ya zauna daram ƙararsa a toshe take. Wanda ya yi "kwal-kwal" kamar ƙwarya, ƙarƙashinsa rami ne, zai fashe. Sa masa alama da gawayi, a cire a sake, tun jika 20 ɗin ƙarshe suna aljihunka.

Aikin aji

1. Mai pampo ya ce kan pampo "ɗari uku" ne. Nawa za a rubuta a takarda?

2. Makewayi mai tsawon mita 2 da faɗin mita 2, mita murabba'i nawa ne daɓensa? In tiyo ya yi tafiyar mita 3 zuwa rami, santimita nawa zai gangara?

3. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai gida ɗaya magini, ku rubuta takardar jinga ta jika 45.

Kafin darasi na gaba, kowa ya auno makewayin gidansa, ko da igiya ce, ya zo da ita aji mu gwada a jikin mita. Masu pampo a gida su zo da lambar kwantar ta dare da ta asuba.