Auna hasken ruwan teku da faifan Secchi

Ɗalibin da ya hau jirgin bincike daga tashar Tema ta ƙasar Ghana, ga awo mai sauƙi na sanin zurfin da ido ke iya gani cikin ruwa. Faifan fari ne, faɗinsa santimita 30, igiyarsa da alama kowace mita.

Tsaya ɓangaren inuwar jirgi da tsakar rana, ka cire baƙin tabarau. Saki faifan sannu a hankali har ya ɓace, rubuta zurfin. Jawo shi har ya bayyana, sake rubutawa, ka haɗa ka raba biyu.

Gudun ruwa ke ɓata awo: igiya ta karkace, zurfin ya ƙaru a banza. Ɗaura dalma ƙarƙashin faifan. A tekun Ghana kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa, ƙananan tsirran teku su yawaita, faifan ya ɓace da wuri.